Ƙusa a Bakin Zarto

Shafi na 23

Masu cika min waya da saƙo tun safe, wai na bar Hilkka tsaye a ƙofar surukarta da farantin burodi har hannunta ya sage, to ku sarara min, ga ta ta shiga. Wanda yau ya fara bin mu, Hilkka matar Aatos ce, mutumin da zarton injin katako na yayansa Kalervo ya raba da hannun dama a farkon sanyin bana. Na gaya muku tun yanzu, ni kaina da nake rubuta wannan shafin zuciyata tashi take yi.

*

Sujadar gida ta wannan Lahadin a gidan Mummo Saima ta faɗo, uwar su Aatos. Masu bi na ƙauyen kaf sun hallara, har da waɗanda suka tuƙo tun daga birnin Oulu. Takalma sun yi tsibi a bakin ƙofa, jiƙe da ƙanƙarar da ta fara narkewa, falon kuma ya ɗume da warin jiƙaƙƙiyar safa da tururin kofi.

"Salamar Allah, Hilkka."

"Salamar Allah."

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana miƙa hannu. Gaisuwar nan ta 'yan gida ce. Wanda ya fita daga bangaskiya sai dai a ce masa sannu, irin wadda ake yi wa baƙon da ya tsaya tambayar hanya.

Ta ajiye burodin, ta zauna kan benci a daman Aatos. Nan take zama ko'ina yanzu, don kada yara masu guje-guje su bangaji dungun. Ita ta naɗe masa hannun rigar da safe ta maƙale da fil. Ita ce kuma mai wanke ciwon tun da aka sallamo su, lokacin da yake ɗiga ruwa yana wari, tana wankewa tana cewa a ranta, "Ubangiji, ban gane ba, amma na yarda da kai." Da wannan addu'ar ta ratsa sanyin bana da 'ya'ya tara a gida.

Kalervo na bayan tebur, Maganar Allah a buɗe gabansa. Ranakun aiki shi ne mai masana'antar katako, ranar Lahadi kuma mai wa'azi, muryar ma canjawa take yi. Ta ranar Lahadi laushi gare ta, har da rawa a ƙarshe.

"'Yan'uwa ƙaunatattu, babu abin da ke samun ɗan Allah sai da izinin Ubansa. Babu! In ya ba ka zuma ka sha, in ya ba ka maɗaci ma ka sha, ka ce na gode."

Tsofaffi suka gyaɗa kai.

"Ba sai mun je nesa neman misali ba. Ga ƙanena nan. Aatos, ɗaga su gani."

Hilkka ta ji kamar an sheƙa mata ruwan wanke-wanke a fuska. Ta dafa gwiwar mijinta tana danna shi, amma Aatos mutum ne da bai iya musu da yayansa ba tun suna yara. Ya sunkuyar da kai, ya ɗaga dungun a hankali.

Falon ya ɗauki sheshsheƙa. Wata mata ta miƙa wuya don ta gani da kyau, ta ɗaga ɗanta shi ma ya gani. Kalervo ya ciro hankici ya fyace majina da ƙara, ya buɗe ya duba abin da ya fito, ya ninke ya mayar aljihu, sannan ya ɗora wannan hannun a kan shafin da yake karantawa.

Tir. Hilkka ta kawar da kai.

"Amma ku dubi alherin Allah," in ji Kalervo, hawaye shaɓe-shaɓe. "Ya karɓi hannu ɗaya, ya mayar mana da biyu. Gobe da safe ɗan Aatos na fari, Eelis, zai tsaya a gaban zarton nan, daidai inda ubansa ya tsaya."

Sai ga kowa ya waiga yana murmushi. Eelis na tsaye jikin bango cikin samari, dogo, shekara goma sha tara, idonsa a ƙasa. Sati biyu ke nan Hilkka tana cewa ba ta yarda ba, ya ci gaba da ɗaurin katako a waje kamar yadda yake yi, ko ya nemi aiki a kanti. Ashe an gama magana a bayanta, kuma a bakin wa'azi za ta ji, inda mace ba ta da damar cewa a'a.

Da aka zo ƙarshe hannaye suka tashi sama, masu neman gafara. Kalervo ya buɗe tafinsa a kansu.

"Ku gaskata, an gafarta zunubanku duka cikin sunan Yesu da jininsa."

Wannan kalmar kowane mai bi yana iya faɗa wa ɗan'uwansa, miji ga mata, uwa ga ɗa, kuma da zarar an faɗe ta laifin ya nutse ke nan, ba mai sake ambatonsa har abada. Hilkka na son kalmar nan kamar ranta. Da ita take sallamar 'ya'yanta barci, da ita aurenta ya kai yau. Amma yau hannunta ya ƙi ɗaguwa.

Ana tashi shan kofi ta shige kicin.

Marjatta, matar Kalervo, tana gaban famfo tana ɗauraye kofuna. Mace ce mai kirki daidai gwargwado, sai dai bakinta ba ya da ƙofa.

"Kai, Hilkka, wa'azin yau ya taɓa ni. Kin ga Mummo ma sai da ta yi kuka."

"Na gani."

"Burodinki kuwa ya fi nawa tashi, me kike sa masa ne? Ke, fuskarki fa! Kamar wadda ta haɗiyi ƙuda."

"Marjatta, ɗana za a kai gaban abin da ya cinye ubansa. Rawa kike so in yi?"

"Haba dai, ki dogara ga Allah."

"Da wa nake dogara tun farkon sanyi? Da ke?"

Marjatta ta yi 'yar dariya, ta matso, ta rage murya irin ta mai shirin yin alheri.

"To bari in kwantar miki da hankali. Ni da kaina na roƙi Kalervo jiya. Na ce masa in dai Eelis ne a wurin, ya riƙa cire ƙusar ko da na satin farko ne, har yaron ya saba."

Hilkka ta ajiye tawul ɗin da ke hannunta.

"Wace ƙusa?"

Kofin da ke hannun Marjatta ya sulɓe ya faɗa cikin ruwa. Wuyanta ya yi ja har kunne.

"Ba komai. Miƙo min faranti."

"Wace ƙusa, Marjatta?"

"Na ɗauka kin sani. Yo ai kowa ya... Hilkka, don Allah ki bar ni. An gafarta wannan. Ba a maganarsa."

Hilkka ta tura ƙofar kicin da ƙafa ta rufe, ta jingina da ita.

"Ba za ki fita ba sai kin gaya min."

"Zunubi ne in na faɗa!"

"Ki faɗa, ni zan gafarta miki. Ai abin sauƙi ne."

Marjatta ta fashe da kuka. Maganar ta riƙa fitowa gutsure-gutsure tsakanin sheshsheƙa. Injin yana da makunnin tsaro, da an ɗaga marfi zarto ya tsaya cak. To ƙurar katako da sanyi sun sa yana tsayar da aiki ba gaira ba dalili, ga masu sayen katako suna matsa lamba. Gyara kuma sai an kira mai gyara daga birni, a rufe kwana biyu. Sai aka cusa ƙusa aka danne makunnin. Ranar da katako ya maƙale Aatos ya ɗaga marfi ya zura hannu, kamar yadda ya saba shekara da shekaru, yana da tabbacin zarton ya tsaya.

"Shi Aatos bai san an sa ba?"

"Bai sani ba a lokacin."

"Jami'ar hukumar nan da ta zo bincike fa? Wadda ta ce min makunnin lafiyarsa ƙalau, ta rasa gane yadda aka yi, har ta bar min lambarta ko zan ji wani abu?"

"An cire kafin ta iso."

"Da ta tafi?"

Marjatta ta hau murza gefen rigarta.

"Da ta tafi fa, na ce?"

"Aiki ne ya yi yawa, Hilkka..."

Hilkka ta matsa daga jikin ƙofar. Ta dafe bakin famfo, ta yi yunƙurin amai, ba abin da ya fito sai yawu. Tun farkon sanyi take durƙuso tana neman hikimar Allah a cikin wannan abu. Ta yi ta tuhumar kanta ko girman kai ta yi, ko wani zunubi ne nata da ba ta nemi gafararsa ba aka kama mijinta da shi. Mutanen nan kuwa suna kawo mata romon kifi da dankali, suna shafa mata baya, suna cewa hanyoyin Ubangiji ba a gane su. Ashe sun gane sarai, har tsawon ƙusar sun sani.

Ta kurkure baki, ta buɗe ƙofa.

Kalervo na tsakiyar falo, kofi a hannu ɗaya, burodin da ta gasa da hannunta a ɗayan, sukari ya manne masa a gefen baki. Mata sun kewaye shi suna yaba wa'azi.

"Kalervo, ina son magana da kai. Da kai ma, Aatos. Mummo, ki ara mana ɗakinki."

Mummo Saima ta dube ta, ta dubi Marjatta da ke leƙe daga kicin da jajayen idanu. Ta ɗauki kofinta, ta ce wa wani dattijo ya ja waƙa, ta shige gaba.

Ɗakin ƙarami ne, gado ɗaya da kujera mai lilo. Mummo ta zauna a kujerar, ta tsiyaya kofi a ɗan faranti, ta maƙala ƙwayar sukari a haƙori ta fara zuƙa. Ta bayan ƙofa waƙar sujada ta tashi.

Hilkka ba ta yi kwana-kwana ba.

"Ƙusar tana nan a makunnin yanzu haka?"

Kalervo ya daina tauna. Ya haɗiye da ƙyar, sannan ya saki murmushi, ya ɗauko muryar Lahadi.

"'Yar'uwa ƙaunatacciya..."

"Kada ka ƙaunace ni. Tana nan ko ba ta nan?"

"Abin da kike tonowa jinin Yesu ya wanke shi. Na durƙusa gaban gadon ƙanena a asibiti, na roƙa, ya furta min gafara da bakinsa. Ko ba haka ba, Aatos?"

"Haka ne," in ji Aatos, idonsa a kan dardumar ƙasa.

Ta juya ta dubi mijinta. Wannan ta fi mata ciwo.

"Kai ma ka sani."

"Na sani."

"Ina wanke maka ruɓa, ina kuka ina tambayar Allah me na yi masa, kana kallona, ka sani?"

"Hilkka, zauna ki ji."

"A tsaye ma ina ji."

Aatos ya ɗago. Ya rame ƙwarai a watannin nan, amma idonsa a natse yake.

"Da na farka na ga babu hannun, na tsani kowa. Har Allah na tsana, ban taɓa gaya miki ba. Ina kwance ina ji kamar yatsun suna nan suna min ƙaiƙayi, in kai hannu in tarar da zanin gado. Da aka zo aka gaya min gaskiya aka roƙe ni, na so in yi tofi. Amma na furta. Wallahi ba da ƙarfina na furta ba. Daga ranar na fara samun barci. Ba rufa-rufa na yi ba, Hilkka. Da ban sauke kayan nan ba da sun kashe ni kafin ciwon."

Ta yarda da shi. Ta san mijinta, bai iya ƙarya ba ko ta wasa. Hakan ma sai ya ƙara mata ƙyamar mutumin da ke tsaye gefensa yana lasar sukari a leɓe, wanda ya ɗauki abu mai tsarki irin wannan ya mayar da shi tsumman goge ƙazanta.

"Gafarar taka ce, ka bayar, Allah ya karɓa," ta ce. "Hannun naka ne. Na Eelis fa? Shi ma ka yafe shi tun kafin a yanke?"

"Ai an cire ƙusar. Ya yi min alkawari."

"Tambaye shi."

Aatos ya juya.

"Yaya?"

Kalervo ya dubi taga.

"Yaya, ka ce min ka cire. A gaban Mama ka ce."

"Za a cire. Mai gyara zai zo in aiki ya lafa. Yanzu ai kowa ya san da ita, ba mai zura hannu. Na gargaɗi yaron."

"Ka gargaɗe shi," in ji Aatos a hankali. Bakinsa ya yi fari.

Mummo ta ajiye ɗan farantin da ƙara.

"Ya isa. Mutane na jinmu. Ke Hilkka, tun da kika shigo gidan nan na san kina da kaifin baki, amma ban san kina da taurin zuciya ba. Abin da aka gafarta ya zama babu. Wanda ya tsamo shi daga inda aka nutsar, a wuyansa yake ratayawa."

"Mummo, jikanki ne fa."

"Ɗana ma ai ɗana ne, na kuma haƙura. Na binne miji, na binne 'ya'ya biyu, ban taɓa kai ƙarar kowa ba. Allah ke tsarewa. In bai tsare ba, makunni dubu ba sa tsarewa."

"To ki cire birkin motar da ke kawo ki sujada mana."

"Kin ji ko?" Kalervo ya nuna ta da ragowar burodi. "Kin ji muryar rashin bangaskiya? Haka take farawa. Yau makunni, gobe 'yan sanda, jibi 'yan kunne da talabijin irin na 'yan duniya."

Dariya ta kuɓuce wa Hilkka, marar daɗi.

"Kalervo, ka goge bakinka, sukari ya manne maka. Ba na iya jin wa'azi ina kallonsa."

Ya kai hannu ya goge da sauri. Muryar Lahadi ta tafi, ta ranar Litinin ta dawo.

"Ke, ki san da wa kike magana. Gidaje goma sha ke ci daga injin nan, har da naki. Wa ke kawo muku itacen hura wuta? Wa ya biya..."

"Ka sa shi ya ɗaga dungu a gaban mutane." Hilkka ta katse shi. "Kai ka yanke, kai ka yi kuka, kai ka yi wa'azi da shi. Ka ce Allah ne ya karɓa. Allah bai taɓa riƙe guduma a masana'antarka ba! Kun ɗauki ƙusarku kun ɗora masa, kun bar ni ina jin haushinsa a ɓoye, ina neman gafarar jin haushin. Ko kunyarsa ba ku ji?"

"Saɓo!" in ji Mummo.

"Ba saɓo ba ne, Mummo. Shi ya riƙe ni lokacin da ciwon nan ke wari ba mai iya shiga ɗakin sai ni. Shi zai riƙe ni gobe. Ban fasa dogara gare shi ba, ko kaɗan. Ku ne na fasa."

A falo an shiga baiti na gaba, muryoyin mata sun yi sama.

Kalervo ya ajiye kofinsa a kan taga, ya gyara wuyan riga.

"To ki saurara da kyau. In kika kai maganar nan waje, kin tono abin da jini ya rufe. Dattawa za su zauna a kanki. In kika ƙi tuba, kin san sauran. Ba mai sake ce miki salamar Allah a ƙauyen nan. Uwarki ma sannu za ta ce miki. 'Ya'yanki za su zauna a bencin nan suna jin ana addu'a Allah ya dawo da uwarsu da ta ɓata."

Ta sani. Ta ga an yi wa wasu. Ita kanta ta taɓa haɗuwa da ƙawarta ta ƙuruciya a kanti ta ce mata sannu, ta wuce da kwandonta, ta kuma ɗauka daidai ta yi. A cikin mutanen nan aka haife ta, ba ta da wasu. Tsoro ya kama ta sosai.

Amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, kuma gobe da safe ne.

"Ka je ka cire ta yanzu, ka rufe injin har mai gyara ya zo," ta ce. "In ka yi haka ba zan kira kowa ba."

"Yau Lahadi. Ba na aiki ran Lahadi."

Ta dube shi, ta ga da gaske yake. Ko gezau bai yi ba.

Ta zura hannu a aljihun siket ta ciro waya.

"Hilkka, a'a!" Aatos ya miƙe zumbur. Ya kai dungun zai riƙe ta, ya manta babu hannu a wurin, ya tafi luu sai da ya dafa gado da na hagu. "Kada ki kira. Ki bari, ni zan hana shi zuwa. Zan kulle shi a ɗaki in ta kama. Amma kada ki kira matar nan."

"In ba Eelis ba ai wani ɗan ne. Shi ba uwa ce ta haife shi ba?"

"Ba ki gane ba."

"Me ya rage ban gane ba? Har yanzu yayan naka kake karewa?"

"Ba shi nake karewa ba."

Kalervo ya harɗe hannu a ƙirji. Abin mamaki, tsoron ya bar fuskarsa. Wani ɗan murmushi ne ma ya maye gurbinsa, irin na wanda ya san abin da ke cikin tukunya.

"Bar ta ta kira, Aatos. Ai gaskiya take so. Sai dai in za a faɗa a faɗe ta duka. Hukuma ba ta tambayar wa ya yi tunani, wanda ya buga take nema."

"Yaya, don girman Allah ka yi shiru."

Hilkka ba ta tsaya fassara maganarsu ba. Ta lalubo lambar jami'ar nan, ta danna, ta kara a kunne. Wayar ta fara ringi.

Sai ƙofa ta buɗe.

Eelis ne. Da gani ya daɗe a bayan ƙofar. Fuskarsa jiƙe take, hannayensa biyu na rataye a gefe kamar ba nasa ba. Ya shigo ya mayar da ƙofar ya rufe.

"Mama, kashe wayar."

"Fita, Eelis. Ba da kai ake ba."

"Da ni ake."

Wayar na ta ringi a kunnenta.

"Baffa Kalervo bai taɓa makunnin ba, Mama. Ya miƙo min guduma ne kawai, ya ce yi sauri kafin babanka ya dawo daga cin abinci. Na ce in gaya wa Baba? Ya ce ba sai na gaya masa ba, shi zai gaya masa." Ya ɗago ya dube ta. "Ni na buga ƙusar. Ni ne na je gaban gadon Baba tare da shi. Mu biyu Baba ya gafarta wa."

Mummo ta rufe ido. Aatos ya zame ya zauna bakin gado, ya kifa fuska a tafinsa ɗaya.

"Shi ya sa nake so in tsaya a wurin," in ji Eelis. "In zarton zai ci wani, gara ya ci ni."

Ringin ya katse. Aka ɗaga.

"Halo? Uwargida Hilkka ce?" Muryar jami'ar ta fito tar, har Kalervo na ji daga inda yake. "Na ga lambarki. Akwai abin da kika gano ne game da hatsarin mijinki?"